Rubutu kafin zane: yadda ake tsara aikin wasan labari na farko

Wasan labari mai hoto, wanda masu harkar suke kira visual novel, nau'i ne na wasan kwamfuta da aka gina a kan karatu. Rubutu yana fitowa a cikin akwati a ƙasan allo, hoton mai magana yana tsaye a gaban hoton wurin da al'amarin ke faruwa, kiɗa yana tafiya a ƙarƙashin magana, sannan jefi-jefi a tsayar da labarin a ba mai karatu zaɓi. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka babu wasan da ya kai shi sauƙin haɗawa, tun da babu gudu, babu faɗa, babu lissafin motsin abubuwa a sarari. Ta fuskar umarnin kwamfuta wannan zato yana da ƙamshin gaskiya. Wahalar tana wani wuri dabam, domin sana'o'i huɗu ne suke haɗuwa a aiki guda, wato rubutu da zane da sauti da shirya manhaja, kowace tana jiran 'yar'uwarta, kuma abin da gyaran kuskure yake ci a cikinsu ba ɗaya ba ne.

Marubuci yana iya goge sakin layi ya sake shi cikin minti goma. Amma mai zanen da ya gama hoton ɗaki, ya shafa launi, ya daidaita haske, idan aka ce masa an mayar da wannan fitowar kasuwa, aikin kwanaki ne ya tafi a banza, in kuma biyansa ake yi, kuɗi ne suka bi ruwa. Daga wannan bambanci ya kamata tsarin aikin gaba ɗaya ya fito. Abin da gyaransa yake da araha shi ake fara yi, a yi ta juya shi har ya zauna, sannan a ɗora masa abin da gyaransa yake da tsada. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya gama awo. Masu farawa da yawa suna yin akasin haka, domin zane shi ne abin da ido ke gani, shi ne kuma abin da ake iya nuna wa abokai a sami yabo, sai mutum ya tara kyawawan hotunan taurari biyar alhali bai san inda labarinsa zai ƙare ba.

Asalin wannan nau'in wasa ƙasar Japan ne, kuma tarihinsa a can yana da abin koyi game da tsara aiki. Kamfanin Chunsoft ya fito da salon da ya kira labarin sauti a 1992, inda rubutu yake rufe allo a kan hoton wuri, sannan kamfanin Leaf ya yaɗa sunan da ake amfani da shi yanzu da jerin wasannin da ya fara fitarwa a 1996. Sai dai abin da ya fi shafar mai farawa shi ne ɓangaren masu yi don sha'awa, waɗanda suke kai ayyukansu kasuwar Comiket. An kafa wannan kasuwa a 1975, tana kuma ci sau biyu a shekara a birnin Tokyo, a watan Agusta da watan Disamba. Ranar kasuwa ba ta jiran kowa, don haka wanda yake so ya sayar da wasansa dole ne ya auna aikinsa da watannin da ke gabansa, ya yanke abin da ba zai yiwu ba tun da wuri.

Wasan Higurashi, na ƙungiyar 07th Expansion, misali ne mai kyau na wannan horo. An fitar da kashinsa na farko a Comiket a 2002, aka ci gaba da fitar da shi kashi-kashi har aka cika takwas a 2006. Marubucin, wanda aka sani da laƙabin Ryukishi07, shi ya zana taurarin da hannunsa duk da cewa zane ba shi ne ƙarfinsa ba, hotunan wurare kuwa hotunan kyamara ne aka sarrafa su, kuma kusan babu zaɓi a cikin labarin. Duk wani abu mai tsada an rage shi, aka zuba ƙarfi a kan rubutu da sauti. A ɗaya gefen akwai Katawa Shoujo, wanda 'yan sa-kai daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu ta intanet suka yi da sunan Four Leaf Studios. Sun fara a 2007 da labari mai hanyoyi biyar, kowace hanya da tauraruwarta, suka fitar da ɗanɗanon kashi na farko a 2009, cikakken wasan kuwa bai fito ba sai a Janairun 2012. Sun cancanci yabo da suka kai ƙarshe, amma shekara biyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙungiyar mutum biyu ko uku da ta ɗauko aiki mai wannan girma a karon farko tana ɗaukar wa kanta nauyin da ba ta san awonsa ba.

Saboda haka mataki na farko shi ne auna girman aikin, kuma ba da yawan tunanin da ke kan marubuci ake auna shi ba. Ana auna shi da adadin kalmomi da adadin hotuna. Labari mai kalmomi 10,000 yana ɗaukar mai karatu abin da ya kai kusan awa guda, idan aka haɗa da dannawa da sauyin hotuna, kuma a ganina wannan ya isa wasan farko, har ma ya yi yawa ga wanda bai taɓa kammala gajeren labari ba. Lissafin hotuna kuwa yakan firgita mutum idan ya zauna ya yi shi da gaske. A ce taurari huɗu ne, kowanne yana da tufafi iri biyu, da tsayuwa iri biyu, da yanayin fuska shida, kamar murmushi da fushi da mamaki da baƙin ciki. Idan kowane haɗi hoto ne mai zaman kansa, hotuna 96 ke nan, ba a ma zo kan hotunan wurare ba. Ana rage wannan nauyi ta hanyar zana jiki dabam, fuska dabam, sannan manhaja ta ɗora wannan a kan wancan, amma dole ne a yanke shawarar yin haka kafin mai zane ya fara, domin raba hoton da aka riga aka gama zuwa hawa-hawa aiki ne mai cin rai. Jimla ɗaya tak da marubuci ya rubuta cewa tauraruwa ta sauya kaya don zuwa biki ta jawo wa mai zane sabon jiki na kowace tsayuwa, kuma wurin bikin shi ma sabon hoto ne.

Batun rassa ya fi wannan haɗari. Zaɓi shi ne abin da yake jan mutane da yawa zuwa wannan nau'i, to amma lissafinsa ba ya yafiya: idan kowane zaɓi yana raba labari gida biyu, rassan kuma ba sa sake haɗuwa, zaɓi goma a jere yana haifar da ƙarshe 1,024. Babu mai rubuta wannan. Abin da ake yi a zahiri iri uku ne ko huɗu. Akwai labarin da ba shi da zaɓi ko ɗaya, wanda mai karatu yake bi daga farko zuwa ƙarshe. Akwai wanda zaɓi yake karkatar da shi na ɗan lokaci, a sauya tattaunawa ɗaya ko biyu, sannan a dawo kan babbar hanya. Akwai wanda wasan yake ƙirga maki a ɓoye, kamar yawan amincewar da wani tauraro ya yi da mai karatu, sai a kusa da ƙarshe makin ya yanke inda za a sauka. Sannan akwai tsarin da ya shahara a Japan, na hanyar tarayya da kowa yake bi da farko, daga nan ta rabu zuwa hanyar kowane tauraro. Wannan na ƙarshe shi ne mafi tsada, domin kowace hanya kusan littafi ce mai zaman kanta, kuma mai karatun da ya bi hanya ɗaya ya ajiye wasan bai ga rabin wahalar da aka sha ba. Ga wasan farko, na fi ganin hikima a hanya guda mai ƙarshe biyu ko uku waɗanda maki yake yankewa, domin tana koya wa mutum duk dabarun reshe ba tare da ta ninka masa rubutu ba.

Idan an tsayar da girma da siffar rassa, sai a rubuta labarin gaba ɗaya a shafi guda, har da kowane ƙarshe. Daga nan a faɗaɗa shi zuwa jadawali, kowane layi fitowa ɗaya, da ginshiƙan da ke nuna wurin da take faruwa, da lokacin rana, da waɗanda suke ciki, da tufafinsu, da kiɗan da ake so, da abin da ya sauya a labarin bayan an gama ta. Wannan jadawali shi ne kashin bayan aikin, kuma amfaninsa ya wuce na tunatarwa. Da zarar an jera shi, mutum zai ga cewa akwai wurin da ba a shiga ba sai sau ɗaya a cikin fitowa talatin, sai ya tambayi kansa ko wannan tattaunawar ba za ta yiwu a wani wurin da aka riga aka lissafa ba. Sau da yawa za ta yiwu. Zai kuma ga tauraron da bai yi magana ba sai layi huɗu, wanda za a iya jin muryarsa kawai ba sai an zana shi ba. Kowane irin wannan yanke da aka yi a jadawali hoto ne da ba za a biya kuɗinsa ba.

Zaɓen manhajar da za a gina wasan a kanta bai kamata ya ci wa mutum mako ba. Ren'Py, wadda Tom Rothamel ya fara fitarwa a 2004, kyauta ce, an gina ta a kan harshen Python, tana kuma fitar da wasa don Windows da macOS da Linux da Android da iOS da ma burauza. Ajiye wasa, da komawa baya, da tsallake rubutun da aka riga aka karanta, duk suna zuwa a shirye. Akwai TyranoBuilder ga wanda ba ya son rubuta umarni, akwai Naninovel ga wanda ya riga ya saba da manhajar gina wasanni ta Unity, akwai kuma Twine, wadda take da amfani ƙwarai wajen gwada rassan labari kafin a sa hoto. Abin da ba zan ba mai farawa shawara ba shi ne ya ce zai gina tasa manhajar daga tushe, domin zai shafe watanni yana ƙera abin ajiye wasa alhali labarin yana jira.

Matakin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne zuba rubutun cikin manhajar tun yana ɗanye, a buga wasan daga farko har ƙarshe da hotunan wucin gadi. A Ren'Py wannan ba ya buƙatar wata dabara, domin idan mai aiki ya kira hoton da bai wanzu ba tukuna, manhajar tana nuna inuwar mutum mai ɗauke da sunan hoton a madadinsa. Dalilin yin haka shi ne rubutun da ya yi daɗi a takarda ba lalle ne ya yi daɗi a akwatin da ba ya ɗaukar fiye da layi uku ko huɗu ba. Doguwar jimlar da take gudana a shafi tana kakkaryewa idan aka raba ta dannawa uku. Bayanin kamannin ɗaki da ya cika sakin layi ya zama maimaici, tun da hoton ɗakin zai kasance a gaban mai karatu. Cewa wance ta yi murmushi ba shi da amfani idan fuskarta za ta nuna. A nan ne marubucin da ya fito daga rubutun zube yake gane cewa wani sabon salo yake koyo, wanda ya fi kusa da wasan kwaikwayo, inda ake barin hoto da sauti su ɗauki rabin maganar. Gara ya gane haka tun ba a zana komai ba.

Akwai ƙorafin da ake yi wa wannan tsari, kuma yana da tushe. Idan ƙungiya ce, mai zane ba zai zauna wata uku yana jiran marubuci ba tare da zuciyarsa ta yi sanyi ba, shi ma marubucin yakan fi jin muryar tauraro idan ya ga fuskarsa. Maganin wannan shi ne a bambanta zanen siffa da zanen ƙarshe. Mai zane yana iya fitar da siffar kowane tauraro da fensir, a daidaita tsayinsu da launin tufafinsu, ya tsara akwatin rubutu da shafin farko na wasan, ya kuma zana wuri ɗaya ko biyu waɗanda babu shakka labarin ba zai rabu da su ba. Mai kiɗa shi ma yana iya fara babban taken wasan. Abin da ake jinkirtawa shi ne jerin fuskoki, da wuraren da ake shiga sau ɗaya, da manyan hotunan nan masu cika allo waɗanda ake ajiyewa don lokutan da labari ya kai ƙololuwa. Waɗannan su ne mafi tsada a kowane hoto, su ne kuma suka fi dogara da ainihin abin da aka rubuta.

Kafin a buɗe wa mai zane aiki gaba ɗaya, yana da kyau a ɗauki fitowa ɗaya ta minti biyar a gama ta sarai, da hotonta na ƙarshe, da kiɗanta, da akwatin rubutunta, a fitar da ita a kan na'urar da ake sa ran mutane za su yi amfani da ita. Wannan ɗan yanki yana amsa tambayoyin da babu taron da zai amsa su. Da shi ake sanin kwana nawa hoto ɗaya yake ɗauka a hannun wannan mai zanen, sai a ninka da abin da ke jadawali a ga ko wa'adin da aka ɗiba gaskiya ne. Da shi ake tsayar da faɗi da tsayin allo, waɗanda yawanci 1920 da 1080 ne yanzu, domin sauya shi daga baya yana nufin sake auna kowane hoto da kowane maɓalli. Da shi kuma ake gwada haruffa. Wanda zai rubuta wasansa da Hausa dole ne ya duba wannan da idonsa, domin samfurorin haruffa masu ado da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito a matsayin akwatuna marasa komai. Samfurin DejaVu Sans da Ren'Py take zuwa da shi yana da su, amma da zarar an sauya shi don neman kyau sai a sake gwadawa. Haka nan idan masu karatun da ake nufi a waya suke karatu, girman rubutu da nauyin fayil abubuwa ne da za a yanke tun a wannan mataki, domin wasan da ya yi nauyi ba kowa ne zai sadaukar da datarsa ya sauke shi ba.

Bayan wannan sai a kulle rubutu. Kullewa ba ta hana gyaran kalma ko waƙafi, amma tana hana ƙara wuri, ko tauraro, ko tufafi, ko reshe. Daga rubutun da aka kulle ake fitar da jerin kayan da ake buƙata, kowanne da sunan fayil ɗinsa tun kafin a zana shi. Ren'Py tana gane hoto daga sunansa idan aka ajiye shi a ma'ajin hotuna, don haka idan an yi ta kiran wani hoto da wani suna a cikin rubutu, ranar da mai zane ya kawo fayil mai wannan sunan sai ya maye gurbin inuwar ba tare da an taɓa umarni ko ɗaya ba. Ya fi aminci a rubuta sunayen fayiloli da ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, kuma a bi ƙa'ida guda daga farko har ƙarshe. A kuma ajiye aikin a Git, wato tsarin da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa fayiloli, ko makamancinsa tun ranar farko, domin kwamfuta tana lalacewa, mutum kuma yakan so ya koma ga yadda fitowa take a makon jiya.

Idan hayar mai zane ko mai kiɗa za a yi, a rubuta yarjejeniya ko da tsakanin abokai ne. A fayyace adadin hotuna, da sau nawa za a iya neman gyara, da a wane mataki, domin gyara a matakin fensir abu ne mai sauƙi, gyara bayan launi kuwa zalunci ne idan ba a ƙara kuɗi ba. A fayyace cewa an yarda a sayar da wasan da hotunan a ciki, a kuma yi amfani da su a talla, sannan a nemi ainihin fayil mai hawa-hawa tare da hoton da aka fitar. Alƙawarin raba riba bayan wasa ya fito yana da daɗin faɗi, amma wasan farko ba kasafai yake kawo ribar da za a raba ba, kuma adalci ne a gaya wa abokin aiki haka ƙarara. Wanda zai ɗauko kiɗa ko hoton kyauta daga intanet kuwa ya karanta lasisinsa: a tsarin Creative Commons akwai wanda ya yarda da komai, akwai wanda ya wajabta ambaton mai shi, akwai kuma wanda ya haramta kasuwanci. A rubuta asalin kowane fayil a jadawali a ranar da aka sauke shi, domin bayan wata shida babu mai tunawa.

Sai matakin da kusan kowane mai farawa yake mantawa da shi a lissafin lokaci, wato bada umarnin fage. Hotuna sun iso, rubutu yana nan, amma wani ne zai bi labarin layi bayan layi yana yanke cewa a nan fuskarta ta sauya, a nan ya matsa gefe, a nan kiɗa ya ɗauke, a nan a yi shiru na daƙiƙa biyu kafin amsa ta fito, a nan allo ya yi duhu a hankali maimakon farat ɗaya. Labari mai kalmomi 10,000 yana iya kaiwa layin magana ɗari bakwai ko fiye, kuma kowane layi yana buƙatar a dube shi. Ba aiki ne mai wuyar fahimta ba, amma yana cin lokaci kamar rubutun kansa, kuma shi ne yake bambanta wasan da yake da rai da wanda hotuna ne kawai suke tsaye ana karatu a ƙarƙashinsu. Tauraron da fuskarsa take murmushi alhali yana ba da labarin rasuwa yana rusa abin da marubuci ya gina a shafi goma. Ina ganin ya kamata a ware wa wannan mataki lokacinsa a kalandar aiki da sunansa, a kuma ba wanda ya fi kowa sanin labarin, wanda yawanci marubucin ne, ko da kuwa sai ya koyi umarni biyar ko shida na manhajar kafin ya iya.

Muryoyin 'yan wasa da fassara su ne na ƙarshe, in ma za a yi su, kuma akwai dalili na fasaha bayan na kuɗi. Ren'Py tana ba kowane layin magana lambar shaida da take samowa daga abin da layin ya ƙunsa, kuma da wannan lambar take haɗa layi da fassararsa ko da fayil ɗin muryarsa idan an bi tsarin haɗawa na kai-tsaye. Idan aka gyara kalma ɗaya bayan an ɗauki murya, lambar ta sauya, haɗin ya tsinke, ban da cewa abin da kunne ke ji ya saɓa da abin da ido ke karantawa. Ga wasan farko, barin murya gaba ɗaya ba aibi ba ne.

Gwaji iri biyu ne. Na farko na na'ura ne: Ren'Py tana da abin bincike mai suna Lint, wanda yake zaƙulo hoton da aka kira babu shi da reshen da aka tura inda babu komai, yana kuma ba da adadin kalmomin wasan. Na biyu na mutane ne, kuma dole ne a sami waɗanda ba su san labarin ba, a ba su wasan ba tare da bayani ba, a ga inda suka gaji da inda suka rikice. Kowane ƙarshe sai an kai gare shi ta ainihin zaɓin da mai karatu zai yi, domin kuskuren da ya fi ɓuya a wasan maki shi ne ƙarshen da lissafi ba zai taɓa kai kowa gare shi ba. A gwada ajiye wasa a tsakiyar reshe a sake buɗewa. Wanda yake son ya ɗanɗani wannan zagaye gaba ɗaya kafin ya shiga babban aikinsa yana iya shiga gasar NaNoRenO, wadda ake yi kowane watan Maris, inda ake gama wasa cikin wata guda, ko gasar O2A2, wadda ta taƙaita mutum ga kalmomi 1,000 da tauraro ɗaya da wuri ɗaya da kiɗa ɗaya.

Ranar fitarwa ita ma tana da nata sharuɗɗan, kuma daga gare ta ake lissafo kalanda zuwa baya. A cikin dandalin da ake fitar da wasanni a intanet, itch.io shi ne mafi sauƙi, domin ba a biyan kuɗin shiga, mai wasa ne kuma yake zaɓar kason da zai bar wa dandalin. Steam tana karɓar dala 100 a kan kowane wasa, waɗanda take mayarwa idan cinikin ya kai dala 1,000, tana wajabta jiran wasu makonni tsakanin biyan kuɗin da fitarwa, tana kuma buƙatar shafin wasan ya kasance a bayyane aƙalla mako biyu kafin ranar. Tun daga 2024 tana neman a bayyana idan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen samar da hoto ko sauti ko rubutu, don haka wannan ma tambaya ce da za a yi wa mai zane tun a yarjejeniya. Google Play tana karɓar dala 25 sau ɗaya, amma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya gudanar da gwaji na rufe da mutum 12 na tsawon kwana 14 a jere kafin a ba shi damar fitarwa ga jama'a. Shafin talla yana buƙatar hotunan allo na gaske da hoton bango mai ɗauke da sunan wasan, wanda ke nufin dole ne waɗannan su shiga jerin aikin mai zane watanni kafin ƙarshe. Wanda kuma yake niyyar sayarwa ya tabbatar tun kafin ya biya kuɗin rajista cewa hanyar da dandalin yake biyan masu wasa tana isa bankin ƙasarsa, ya kuma cike takardun harajin da dandalin yake nema, domin tantance su ma yana ɗaukar kwanaki.